Ƙofofin Kuala Lumpur: Waiwaye Kan Abin da Baƙo Ke Fara Gani

Abin da matafiyi ke tsinta a sa'o'insa na farko cikin birnin da bai taɓa zuwa ba yakan daɗe a ransa fiye da abin da ya gano daga baya, domin a wannan ɗan lokaci ne ido da kunne da hanci ke buɗe baki ɗaya, kafin sabo ya dushe su. Wannan shi ake nufi da ganin farko a nan, wato siffar da ke zama a zuciyar baƙo tun bai san sunan unguwa ko ɗaya ba. Ɓangarori biyu ne ke haɗa wannan siffa: birnin, wanda kamar maigida yake gyara zaurensa ya ajiye abin da yake so a gani a bakin ƙofa, da kuma baƙon, wanda ya taso daga gida da ma'aunin da zai auna duk abin da idonsa ya faɗa a kai. Kuala Lumpur, babban birnin Maleshiya da ke kudu maso gabashin Asiya, wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari, saboda ƙofar da ake shigarsa ta sauya aƙalla sau uku tun kafuwarsa, kuma saboda ya zama ɗaya daga cikin biranen Asiya da 'yan ƙasar Hausa suka fi sani, musamman malaman jami'o'i da kwalejoji da ke zuwa karatun digiri na biyu da na uku.

Ƙofar farko ruwa ce. A 1857 wani basaraken masarautar Selangor mai suna Raja Abdullah ya tura Sinawa 87 su hau kogin Klang neman kuza, suka sauka a inda kogin Gombak ya haɗu da shi, suka keta daji zuwa Ampang, inda suka dace da abin da suka je nema, ko da yake zazzaɓi ya kashe akasarinsu ba da jimawa ba. Mahaɗar kogunan nan ita ce iyakar inda jirgin ruwa mai kaya zai iya kaiwa, don haka a nan 'yan tireda suka kafa rumfunan sayar wa mahaƙa shinkafa da kayan aiki, gari ya tsiro. Wanda ya iso a shekarun 1870 sai ya kwashe kwanaki ana tura jirgi da gora gaba da ruwa, abin da zai fara gani kuwa shi ne taɓo, da bukkokin katako masu jinkar ganye, da ɗakunan caca, da mutanen da yaƙin basasar Selangor bai daɗe da tarwatsa su ba. Mai riƙe da garin a lokacin shi ne Yap Ah Loy, wanda ke da muƙamin Kapitan, wato shugaban da sarakunan Malayawa suka amince ya riƙe al'ummar Sinawa, kuma shi ya sake gina garin bayan an ƙone shi a yaƙin. A 1881 gobara ta cinye shi, ambaliya ta biyo baya a cikin shekarar, har ta kai Frank Swettenham, Razdan na Selangor daga 1882, ya ba da umarnin a riƙa yin gini da jan bulo a rufa da tayil.

Ƙofa ta biyu ta jirgin ƙasa ce, wanda ya haɗa Kuala Lumpur da garin Klang a 1886. A 1896 Kuala Lumpur ya zama hedikwatar tarayyar jihohin Malayawa huɗu da ke ƙarƙashin Ingila, daga nan kuma Turawa suka shiga gina masa fuskar da za ta yi wa mai zuwa kwarjini: ofisoshin gwamnati da ake kira ginin Sultan Abdul Samad a 1897, masu ƙubbobin jan ƙarfe da hasumiyar agogo, masallacin Jamek a 1909, daidai kan mahaɗar kogunan, sai farar tashar jirgin ƙasa a 1910, mai ƙananan ƙubbobi da bakuna, wadda Arthur Benison Hubback ya zana kamar yadda ya zana masallacin. Wanda ya sauko daga jirgi a wannan tasha zai ɗauka ginin gargajiyar Musulmin ƙasar yake kallo, alhali salo ne da magina 'yan Ingila suka aro daga daular Mugal ta Indiya suka dasa a nan, saboda a tunaninsu haka ya kamata ƙasar Musulmi ta kasance. Tsofaffin masallatan Malayawa, irin waɗanda har yau ake gani a Melaka, rufinsu hawa-hawa ne mai tsini, domin ruwan sama ya samu hanyar zuba. Tun a wannan zamani, ke nan, abin da ake tarbar baƙo da shi zaɓaɓɓe ne, kuma masu mulki ne suka zaɓa.

Akwai dalilin da ya sa wannan babi na tarihin ba zai yi wa ɗan Arewacin Najeriya wuyar ganewa ba. Yarjejeniyar Pangkor ta 1874 ta ɗora wa Sarkin Perak Razdan Bature wanda dole a nemi shawararsa a kuma bi ta a kan komai, ban da abin da ya shafi addini da al'adar Malayawa, kuma wannan tsari na barin sarki a kan gadonsa tare da karɓe ainihin iko ɗan uwan wanda aka shimfiɗa ne a masarautun Arewa bayan 1903. Har ma'aikatan ma wani lokaci ɗaya ne, domin Hugh Clifford, wanda ya fara aiki a ƙasar Malayawa ya riƙe Pahang, shi ne ya yi Gwamnan Najeriya daga 1919 zuwa 1925, sannan ya koma can a 1927.

Ƙofa ta uku ita ce wadda kusan duk Bahaushen da ya san birnin ya shiga ta cikinta, wato filin jirgin sama na Sepang da aka buɗe a 1998, kilomita kimanin hamsin kudu da birnin, wanda ya maye gurbin tsohon filin Subang. Kisho Kurokawa, ɗan Japan, shi ya tsara shi, ya kuma sa aka dasa guntun dajin damina a tsakiyar ɗaya daga cikin gine-ginensa, cikin katangar gilashi, ta yadda fasinja zai ga kurmin ƙasar yana tsaye a cikin sanyin na'ura. Daga 2002 jirgin ƙasa mai sauri na ɗaukar mutum daga nan zuwa babbar tashar tsakiyar gari cikin kimanin rabin sa'a, wanda ya bi hanyar mota kuwa, tun daga nesa yake hango tagwayen hasumiyoyin kamfanin mai na Petronas, masu hawa 88 da tsawon mita kusan 452, waɗanda César Pelli ya zana a kan siffar tauraro mai kusurwa takwas irin na adon Musulunci, aka gina su a tsohon filin sukuwa, suka riƙe kambun gini mafi tsawo a duniya daga 1998 har zuwa 2004. Duk wannan bai zo bisa haɗari ba. Mahathir Mohamad, Firayim Minista daga 1981 zuwa 2003, ya shelanta tun 1991 cewa burinsa ƙasar ta shiga sahun masu ci gaba zuwa 2020, kuma filin jirgin da hasumiyoyin da sabuwar hedikwatar gwamnati ta Putrajaya an yi su ne domin duniya ta gani ta shaida. An kammala filin jirgin da hasumiyoyin a tsakiyar rikicin kuɗin da ya girgiza Asiya a 1997 da 1998, lokacin da darajar ringgit, kuɗin ƙasar, ta faɗi warwas har gwamnati ta ɗaure shi a kan 3.80 ga dala ɗaya, amma wanda ya sauka a Sepang a waɗannan shekaru babu abin da zai nuna masa hakan.

Kafin hasumiyoyin ma, akwai abin da ke riƙe idon ɗan Najeriya tun jirgi na shirin sauka, wato gonakin kwakwar manja da suka miƙe layi-layi har iyakar gani. Asalin wannan bishiya Afirka ta Yamma ne, kuma a farkon shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen manja, kafin Maleshiya ta sha gabanta cikin ɗan lokaci. Daga nan ne labarin da ya bazu a gida ya samo ƙarfi, cewa wai 'yan Maleshiya sun zo Najeriya bayan 'yancin kai sun ɗebi iri suka tafi da arzikin. Tarihin ya fi haka tsawo: tun 1848 Turawan Holan suka kai bishiyar lambun Bogor a tsibirin Java, gonar kasuwanci ta farko a ƙasar Malayawa kuwa an dasa ta a Selangor a 1917, sannan hukumar raba wa marasa ƙasa gonaki da aka kafa a 1956 ta mayar da manja sana'ar dubban iyalai a lokacin da farashin roba ke tangal-tangal. Labarin ɗibar iri yana da daɗin ji domin yana mayar da tazarar da ke tsakanin ƙasashen biyu asarar rana ɗaya, alhali aikin shekaru da yawa ne na bincike da tsari a can, da sakaci bayan samun man fetur a nan. Abin damuwa shi ne baƙo kan ga waɗannan gonaki ta tagar mota ya ɗauka sun gaskata labarin da ya zo da shi, ya koma gida ya ce ya gani da idonsa.

Abin da birni ba ya iya shiryawa shi ne abin da jiki ke ji. Da zarar ƙofar filin jirgin ta buɗe, mutumin da ya saba da busasshen zafin Sakkwato ko na Damagaram zai ji iska mai nauyi da danshi ta lulluɓe shi, gumi ya tsatso ya ƙi bushewa, duk da cewa ma'aunin zafi bai cika wuce 33 ba. Birnin na kusa da layin da ya raba duniya biyu, ba shi da hunturu ba shi da rani, ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 2,000 da tazara, kuma sau da yawa da la'asar yake zuwa, da tsawa mai firgitarwa, ya cika kwalbatoci cikin 'yan mintoci, sa'a guda ta yi rana ta sake fitowa titi na tururi. A nan ne baƙo ke gane amfanin rumfar da ke gaban tsofaffin shagunan cikin gari, wadda ke haɗe daga shago zuwa shago, mai tafiya a ƙasa ya bi ta ƙarƙashinta ba ruwa ba rana. Motoci ta hannun hagu suke bi, tsarin da Najeriya ta bari tun 1972, don haka mai tsallaka titi yakan dubi inda mota ba ta zuwa. Agogon ma da nasa ruɗani, domin ban da tazarar sa'o'i bakwai da ke hana barci a dararen farko, tun 1982 aka tura lokacin wannan yanki gaba domin ya yi daidai da na jihohin da ke tsibirin Borneo, shi ya sa rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe bakwai, azahar ba ta shiga sai bayan ƙarfe ɗaya, magariba kuma takan kai bakwai da wani abu.

A masallaci ne wannan haɗuwar sabo da baƙunta ta fi fitowa fili. Kiran sallar shi ne dai wanda aka sani, amma Malayawa mazhabar Shafi'iyya suke bi, don haka wanda ya tashi a kan Malikiyya zai ji liman ya bayyana bisimilla a farkon Fatiha, a raka'a ta biyu ta asuba kuma, bayan an ɗago daga ruku'u, zai ga sahu ya ɗaga hannuwa liman na karanta alƙunutu a bayyane ana amsawa da amin, shi kuwa ya saba a karanta shi a ɓoye kafin ruku'u. Yakan ɗan yi jinkiri, har ma ya kama hanyar sujada shi kaɗai, kafin ya lura ya gyara tsayuwa. A manyan kantuna da gidajen mai da tashoshi akwai surau, wato ƙaramin ɗakin salla mai wurin alwala, ɓangaren mata kuma an rataye fararen lulluɓin salla domin duk wadda ta shigo ta ara. A wasu alluna zai ga rubutun Jawi, wato harshen Malayawa da haruffan Larabci, wanda ya yi zamani a fada da makarantu kafin bokon Turawa ya ture shi gefe, kamar yadda aka yi wa ajamin Hausa.

Abinci shi ne gwaji na gaba. Karin kumallon da aka fi sani shi ne nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, aka ɗora mata miyar barkono mai zaƙi-zaƙi, da soyayyar gyaɗa, da ƙananan busassun kifaye, da ɓarin dafaffen ƙwai, aka ƙunshe a ganyen ayaba, kuma zaƙin da ke cikin yajin shi ne abin da harshen Bahaushe ya fi daɗewa bai amince da shi ba. Inda ya fi saurin sakin jiki shi ne shagunan mamak, wato na Indiyawa Musulmi, waɗanda da yawansu ba sa rufewa dare da rana, ana murza gurasa mai laushi a kan faranti, ana zuba shayi mai madara daga kofi zuwa kofi daga nesa har ya yi kumfa, matasa na kallon ƙwallon Ingila. Tambarin halal da hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar ke bayarwa yana manne a ƙofar gidan abinci da jikin gwangwani, abin da ke sauke wa matafiyi nauyin tambayar da ke damunsa a sauran biranen duniya.

Daga waɗannan abubuwa ne hukuncin da aka fi ji daga bakin waɗanda suka dawo yake fitowa, cewa ga ƙasar Musulmi da ta ci gaba ba tare da ta yar da addininta ba, wadda ta samu 'yanci a 1957, shekaru uku kacal kafin Najeriya. Hukuncin na da gaskiya mai yawa, kuma bai kamata a raina shi ba: wutar lantarki ba ta cika yankewa ba, jiragen ƙasa na cikin gari sun yi ta ƙaruwa tun 1996, asusun Tabung Haji da aka fara a 1963 ya ba talaka damar tara kuɗin aikin hajji sannu a hankali, Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da aka kafa a 1983 ta yaye ɗalibai daga Afirka masu yawa. Amma hukunci ne da aka yanke a bakin ƙofa. Kuala Lumpur birni ne da Sinawa suka kai wajen kashi 40 cikin ɗari na 'yan ƙasa mazaunansa, Indiyawa kuma wajen kashi 10, ɗakunan ibadar Sinawa da na Hindu da ke tsakiyarsa sun girmi masallacin Jamek, zaman lafiyar da baƙo ke gani kuma an gina shi ne a kan rauni. A ranar 13 ga Mayu 1969 rikicin ƙabilanci ya ɓarke bayan zaɓe, gwamnati ta ce mutane 196 suka mutu, daga nan aka fito da sabon tsarin tattalin arziki a 1971 wanda ya ba bumiputera, wato Malayawa da sauran 'yan asalin ƙasa, fifiko a karatu da aikin gwamnati da hannun jari, tsarin da har yau wasu ke yabo wasu ke kuka da shi. Waɗanda ke ɗora bulo a dogayen benayen kuma galibinsu 'yan ci-rani ne daga Indunisiya da Bangaladash da Nepal da Myanmar, masu kwana a cunkushe. Cin amanar dukiyar jama'a ma bai tsallake ƙasar ba, domin tsohon Firayim Minista Najib Razak ya shiga kurkuku a 2022 a shari'ar da ta danganci asusun gwamnati na 1MDB, ko da yake shigar tasa kurkukun ita kanta abin lura ce. Ɗalibin Afirka kuwa yakan gano wani abu a makonsa na biyu, lokacin neman ɗakin haya, inda wasu masu gidaje ke janyewa da zarar sun ji daga inda ya fito, saboda zargin da laifin tsiraru ya jawo wa kowa, kuma wannan ciwo ne da waɗanda suka dawo ba su cika faɗa ba.

Sauyin da ya fi kowanne girma a 'yan shekarun nan bai shafi ƙofar ba, baƙon ya shafa. Wanda ya sauka a ƙarshen shekarun 1990 ya zo ne da adireshi a takarda da labarin baki, ya tambayi hanya da Turancin da ya haɗu da na direban tasi, ya ɓata, wani ya raka shi, ta haka ya san mutane kafin ya san tituna. Na yau ya riga ya kalli hasumiyoyin da kasuwar titin Petaling da matakalar kogon Batu a wayarsa sau da yawa, ya kama ɗaki ta intanet, 'yan uwansa ɗalibai sun turo masa bayani ta WhatsApp, yana fitowa zai kira mota ta manhajar Grab, wadda a wannan birni aka fara ta a 2012, ya isa masaukinsa bai yi magana da kowa ba. Ana cewa gani ya kori ji, amma yanzu ganin ya riga zuwan, har hasumiyar Merdeka 118 da aka buɗe a 2024, mai tsawon mita kusan 679, ta biyu a duniya, ba ta girgiza mai zuwa kamar yadda waɗanda ba su kai ta ba suka girgiza na gabansa. Sauƙin da aka samu na gaske ne, musamman ga mace mai tafiya ita kaɗai ko wanda ya sauka da tsakar dare, sai dai an yi asarar waɗancan tambayoyi na dole da ke haɗa baƙo da ɗan gari, kuma su ne ke fara gyara kuskuren ganin farko. Mamakin da ya saura shi ne wanda waya ba ta ɗauka: danshi, da warin durian, ɗan itacen nan mai ƙaya da ake hana shiga da shi otal, da alƙunutun asuba.

Kogunan da suka haifi garin kuwa sun daɗe da komawa bayan fage, an ɗaure su cikin siminti, sai ambaliya irin ta 1971 ke tuna wa mutane da su, har aka buɗe ramin ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 9.7 a 2007, wanda motoci ke bi ta wani sashensa, in ruwa ya yi yawa a rufe shi ya zama magudana.

Wurin da tsohon gari da sabo suka fi tsayawa ido da ido shi ne Kampung Baru, unguwar da Turawa suka keɓe wa Malayawa manoma wajen 1900, wadda har yau akwai gidajen katako masu ƙafafu a cikinta, da bishiyoyin ayaba da na kwakwa, hasumiyoyin Petronas na tsaye a kanta daga ƙetaren kogi. Baƙi na zuwa cin abincin dare da buɗa-baki a watan azumi, su ɗauki hoton gidan katako da dogon bene a bayansa, su tafi da tunanin cewa birnin ya san yadda ake riƙe tsoho da sabo tare. Ga mazauna unguwar maganar ba ta kwanta ba. Filin na cikin mafiya tsada a ƙasar, dokarsa ta asali ta hana mallakarsa ga wanda ba Bamalaye ba, rabon gado na zuriya bayan zuriya ya sa fuloti ɗaya kan samu magada da dama, an kafa hukumar raya unguwar da dokar 2011, gwamnati ta yi tayin sayen filayen a 2019, masu su da yawa suka ce farashin bai kai ba. Wasu magadan na son a sayar su samu rabonsu, wasu na ganin in aka rushe unguwar Malayawa sun rasa gurbinsu na ƙarshe a tsakiyar birnin, dogayen benaye kuma na ci gaba da tashi a gefunanta.